Dokin Da Ke Yawan Cire Takalmi: Ina Matsalar Take?

Wannan jawabi ne da wani malamin dabbobi ya gabatar wa masu dawaki da yaran barga a Ƙauyen Alu, cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Mutane sun zo daga Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku da sauran unguwannin kusa. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Jama'a, barkanku da zuwa. Maganar yau a kan ƙafar doki take.

Akwai wani magidanci a wannan yanki da yake da akawali guda ɗaya. Da shi yake hawan Sallah, kuma yana ba da shi haya idan ana hawan angwanci. Abin da dokin ya samo, da shi ake saya masa dusa da harawa, har a rage na cefane. A wata damina dokin nan ya cire takalmin ƙafar gaba ta dama sau uku cikin wata ɗaya. Da ya cire na farko, mai shi ya ce tsautsayi ne. Da ya cire na biyu, ya ce maƙeri ne bai iya ba, ya canza wani. Shi kuma sabon maƙerin ya ƙara yawan ƙusoshi don takalmin ya kama sosai. Da ya cire na uku, sai takalmin ya tafi da ɓallin kofato. Doki ya kama ɗingishi, babu sauran wurin da za a buga ƙusa. Sallah ta zo ta wuce yana ɗaure a turke, ana ciyar da shi, ba ya kawo ko kwabo.

Mutumin nan ya yi asara ne saboda bai tsaya ya tambayi abu ɗaya ba: me ya cire takalmin? Takalmi ba ya fita haka kawai. Akwai abin da ya cire shi. Idan ba a gano abin ba, ko sau goma aka mayar, sau goma zai fita, kuma kowace fita tana cin kofato.

Me Ya Sa Ake Sa Wa Doki Takalmi?

Doki ya daɗe a ƙasar Kano. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali. Ana danganta ƙawata hawan Sallah da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499. A shekarar 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Amma a duk tsawon waɗancan zamunna, akasarin dawakin ƙasar Hausa ba su san takalmin ƙarfe ba. Ƙasar rairayi ce da jigawa. Abin da kofato ya tsiro, shi tafiya take cinyewa, sai abin ya zo daidai. Takalmi ya yawaita ne bayan zuwan kwalta da tsakuwa, da sukuwa irin ta Turawa, da ƙwallon dawaki wadda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo suka ɗaukaka a Arewa.

Ƙauyen Alu kansa misali ne. Sunansa ƙauye, amma gari ya riga ya haɗiye shi. Dokin da zai fita daga nan ya nufi cikin birni, ko ya nufi Nasarawa, kusan duk tafiyarsa a kan kwalta ce, ko ta Titin Zariya ko ta Titin Maiduguri. Kwalta tana cin kofato kamar magagari. Idan cin ya fi tsirowa, doki zai fara taka ƙasa da tsoro. Amfanin takalmi ke nan. Kariya ce ga dokin da ke aiki a ƙasa mai tauri. Ba ado ba ne.

Yadda Kofato Yake

Kafin a gane takalmi sai an gane abin da aka buga shi a kai.

Kofato yana da ɓawo mai tauri a waje. Wannan ɓawo kamar farcen mutum yake, ba ya jin zafi idan an yanke shi daidai. A cikinsa akwai nama mai jini da jijiya, akwai kuma ƙashi. Idan aka ɗaga ƙafar aka duba ƙasanta, za a ga tafin kofato. A tsakiyarsa, wajen dunduniya, akwai wani abu mai taushi kamar roba, mai siffar kan mashi. Tsakanin ɓawo da tafi kuma akwai wani siririn layi mai haske da ya kewaye ƙafar. Ta bakin wannan layi ƙusa take shiga, ta bi cikin ɓawo, ta fito waje. Idan ta karkata ciki ko kaɗan, ta taɓa nama.

Kofato yana tsirowa ne daga sama, daga inda gashi ya ƙare, yana gangarowa ƙasa. A wata guda yakan ƙaru da milimita 6 zuwa 10, wato kamar kaurin fensir. Kafin sabon kofato ya gangaro tun daga sama har ƙasa ta gaba, yakan ɗauki wata 9 zuwa 12. Saboda haka ɓallin da takalmi ya tafi da shi cikin ƙiftawar ido, sai an yi watanni kafin ya cike.

Abu na ƙarshe, ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Su ne kuma ƙafafun baya ke bi a baya. Shi ya sa yawancin takalman da ke fita na gaba ne.

A Nemo Takalmin Da Ya Fita

Idan takalmi ya fita, kada a yi sakaci da shi. A tura yara su nemo shi. Dalili na farko, ƙusoshinsa na iya soke dokin ko wani yaro. Dalili na biyu, shi ne babban mai ba da shaida.

Idan an same shi a murɗe, reshe ɗaya na baya ya lanƙwashe, to taka shi aka yi aka fizge. Ko ƙafar baya ce, ko ɗaya ƙafar gaban, ko ya maƙale a wani abu.

Idan an same shi a miƙe sumul, ƙusoshi suna tsaye a jikinsa, to ƙusoshin ne suka saki. Ko kofato ya yi laushi, ko takalmin ya daɗe, ko ba a lanƙwasa bakin ƙusa da kyau ba.

Idan kawunan ƙusoshin sun cinye, ƙarfen ya yi siriri, to kwalta ce ta gama da shi. Lokacinsa ne ya yi.

Idan kuma ya fito da gutsattsarin kofato a jikin ƙusoshi, to ɓawon ba shi da ƙarfi, ko ƙusoshin sun yi yawa, ko an buga su ƙasa-ƙasa.

A kuma lura da ƙafar da abin ke faruwa, da wurin da yake faruwa. A turke ne da dare? Wajen kilisa ne? A cikin taɓo ne? Kwana nawa da bugawa? Wanda ya riƙe amsar waɗannan tambayoyi ya yi rabin magani.

Dalili Na Farko: Ƙafar Baya Tana Cim Ma Ta Gaba

Wannan shi ne ya fi yawa. Idan doki yana sassarfa ko sukuwa, ƙafar baya tana sauka ne kusa da inda ta gaba ta tashi. Dole ta gaba ta bar wurin kafin ta baya ta iso. Idan ta yi jinkiri ko yaya, bakin ƙafar baya zai taka dunduniyar takalmin gaba. Doki yana ɗaga ƙafa, takalmi yana danne a ƙasa. Sai ƙusoshi su fizge.

Akwai alamu. Wani lokaci akan ji ƙarar ƙarfe yana bugun ƙarfe idan dokin na sassarfa. Wani lokaci akan ga ƙujewa ko yanka a dunduniyar ƙafar gaba.

Me ke sa ƙafar gaba jinkiri? Babban abu shi ne tsawon kofato ta gaba. Mutum ya tuna yadda tafiya take idan ya sa silifa da ya fi ƙafarsa tsawo. Taɓo da rairayi mai zurfi su ma suna riƙe ƙafa. Gajiya tana sa doki ya riƙa jan ƙafa. Akwai kuma halitta. Doki mai gajeren baya da dogayen ƙafafun baya ya fi saurin taka kansa.

Maganin yana hannun maƙeri da mai doki tare. Maƙeri zai rage tsawon kofaton gaba, ya ɗan goge bakin takalmin ta gaba ya yi masa gangare, don ƙafar ta riƙa tashi da wuri. Zai goge ƙarshen rassan takalmin ta baya su yi santsi, don kada a sami inda za a taka. A ƙafar baya kuma zai ɗan ja takalmin baya kaɗan, ya daidaita bakinsa, ya goge kaifin kofaton da ya rage a gaba.

Amma akwai kuskuren da ake yi a nan. Wani maƙerin, don gudun zargi, sai ya sa takalmi ƙarami wanda bai kai ƙarshen dunduniya ba. Gaskiya ne ba zai fita da sauri ba. Sai dai ƙarshen ƙarfen zai riƙa danna tafin kofato, jini ya kwanta, dunduniya ta durƙushe. An tsare takalmi, an kashe ƙafa. Takalmi ya rufe dunduniya daidai, kada ya gaza, kada kuma ya zarce da yawa.

Akwai wata roba mai siffar ƙararrawa da 'yan ƙwallon dawaki ke sa wa dawakinsu a wuyan ƙafa. Tana rufe dunduniya da ƙarshen takalmi. Idan ƙafar baya ta kawo taku, robar take samu. Tana da amfani ƙwarai ga dokin da halittarsa ce taka kai. Sharaɗinta biyu ne. Ta sauko har ta taɓa ƙasa ta baya, kuma a riƙa cire ta ana wankewa, don yashi da ke shiga ƙarƙashinta yana ƙuje fata.

Dalili Na Biyu: Takalmi Ya Wuce Lokacinsa

Kofato yana tsirowa, ƙarfe ba ya tsirowa. Bayan 'yan makonni kofaton zai ja takalmin gaba, dunduniya ta fara hawa kan ƙarfe, bakin ƙusoshin da aka lanƙwasa ya fara ɗagowa. Idan aka shafa hannu a jikin kofato aka ji suna karce hannu, lokaci ya yi.

Ƙa'ida ita ce a cire takalmi, a gyara kofato, a mayar, duk bayan mako 4 zuwa 6. Ko ƙarfen bai cinye ba, a cire a gyara ƙafar, a mayar da shi. Mutane da yawa suna jira sai ya faɗi da kansa don a rage kashe kuɗi. Wannan araha ce mai tsada. Takalmin da maƙeri ya cire yakan bar ƙananan ramuka. Wanda doki ya fizge yakan bar gurbi.

A rubuta ranar da aka buga takalmi a jikin kalanda, ko a bangon barga da gawayi. A ƙirga mako biyar a sa alama. Ƙwaƙwalwa tana mantuwa, rubutu ba ya yi.

Dalili Na Uku: Turke Da Yanayi

Kofato yana shan ruwa. Idan ya jiƙe sai ya kumbura ya yi laushi. Idan ya bushe sai ya tsuke. Kamar ƙofar katako ce da ke ƙin rufuwa da damina, ta saki da rani. Kowace jiƙewa da bushewa tana faɗaɗa ramin ƙusa, har ƙusar ta fara rawa.

A Kano ruwa ya fi ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba, musamman Agusta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu yana busar da kofato har ya tsage. Ita Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Babbar Sallar 2019 ta faɗo a Agusta, tsakiyar damina. Ƙaramar Sallar 2025 ta faɗo a ƙarshen Maris, cikin bazara. Don haka shirin ƙafar doki na bana ba lallai ya zama irin na shekarun baya ba.

Amma abin da ya fi ruwan sama ɓarna shi ne fitsari da kashi a gindin turke. A unguwannin nan fili ya yi ƙaranci. Doki yakan kwana ya wuni a wuri ɗaya, a lungu ko a kango. Fitsari yana cin kofato. Idan aka ɗaga ƙafa aka ji wari, aka ga baƙin ruwa a gefen abin nan mai siffar mashi, to ruɓa ta fara. Ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen kofato. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ɗaga gindin turke da jar ƙasa ya fi kewayensa tudu. A yi wa fitsari hanya. A zuba busasshen yashi, a kwashe kashi safe da yamma. A riƙa ƙwaƙule ƙasan kofato kullum da ɗan ƙarfe marar kaifi, daga dunduniya zuwa gaba. Wanka kuma ba sai kullum an jiƙa ƙafafu ba.

Ƙuda ma yana cire takalmi. Dokin da ƙuda ya dama yakan wuni yana buga ƙafa a ƙasa. Idan ƙasan siminti ne, kowane bugu yana sassauta ƙusa. Tsabtar wuri da ɗan hayaƙi da yamma suna rage wannan.

A kuma duba abin da ke kewaye da dokin. Waya, da ragar ƙarfe, da tsohon kwano, da igiyar talala da ke yawo a ƙasa, duk suna shiga tsakanin takalmi da kofato. Dokin da ke tonon ƙasa idan ya ga ana kawo dusa ya fi faɗawa wannan tarko. Haka nan idan wuri ya yi ƙunci, doki yakan taka gefen takalminsa da ɗaya ƙafar wajen juyawa ko wajen tashi daga kwance.

Dalili Na Huɗu: Aikin Maƙeri Da Irin Ƙusa

Maƙerin kirki yana gyara ƙarfe ne ya dace da ƙafa. Ba ya yanke ƙafa don ta dace da ƙarfe. Ƙasan kofato ya zama a daidaice, takalmin ma a daidaice. Idan aka ɗora shi kafin a buga ƙusa, kada ya yi rawa, kada a ga haske a tsakani. Takalmin da ke rawa tun ranar farko ba zai kai mako biyu ba.

Ƙusar doki daban take da ƙusar kafinta. Jikinta a shafe yake, bakinta kuma an fere shi ta gefe ɗaya, don idan ta shiga ta karkata waje da kanta. Kanta an yi shi ne ya zauna daram a ramin takalmi. Ƙusar kafinta zagayayya ce. Tana tsaga ɓawo, kuma tana iya miƙewa cikin nama. Kada mai doki ya yarda a buga masa ita, ko da kyauta ce.

Ƙusa shida ta ishi yawancin dawakin ƙasar nan, uku a kowane gefe. Ta fito a jikin ɓawo wajen santimita 2 daga ƙasa, a jere. A yanke bakinta, a lanƙwasa, a goge. Kada a buga ƙusa can baya kusa da dunduniya, domin wurin yana buɗewa yana rufewa duk lokacin da doki ya taka ƙasa. Yawan ƙusa ba ya ƙara ƙarfi. Yana mayar da ɓawo kamar rariya. Idan ana son ƙarin kamu, maƙeri yana iya fitar da ɗan kunne ɗaya ko biyu daga jikin takalmin ya kwantar da su a jikin kofato. Su suke hana shi zamewa, su rage wa ƙusoshi aiki.

Shi ma mai doki yana da nasa haƙƙi. Ya koya wa dokinsa ɗaga ƙafa tun yana ƙarami. Ya samar da wuri mai haske, mai inuwa, mai daidaitacciyar ƙasa. Maƙerin da ke kokawa da doki yana kaucewa harbi ba zai yi aiki mai kyau ba.

Dalili Na Biyar: Mahayi

Wannan magana ta samari ce. Zamiya ado ce a filin hawa, amma ana yin ta ne a kan ƙasa, da dokin da aka horar. Idan aka saki doki a guje a kan kwalta, aka fizge linzami farat ɗaya, ƙafafun baya suna kutsowa ƙarƙashin ciki yayin da na gaba suke a kafe. A nan takalmi ke fita. A nan kuma ƙarfe ke santsi, doki ya faɗi da mahayinsa. Juyi mai kaifi a guje shi ma haka.

Dokin da ya yi wata biyu a ɗaure, ba a fitar da shi rana ɗaya a ce ya wuni yana sukuwa. Zai gaji, ya fara taka kansa. A fara kilisa da tafiya, a ƙara da sassarfa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Takalmin hawa kuma a buga shi kamar kwana 10 kafin ranar, don idan akwai ƙusar da ta matse a gane da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin Yi Ranar Da Ya Fita

Idan ana tafiya aka ji takalmi yana ƙara, a sauka nan take. A ɗaga ƙafar a duba.

Idan ya murɗe yana lilo, a cire shi gaba ɗaya, don ƙusa ko kunnen takalmin na iya shiga tafin ƙafa. A fara goge bakin ƙusoshin da aka lanƙwasa da magagari, ko a miƙe su. A sa awartaki a ƙarƙashin reshe ɗaya ta dunduniya, a danna zuwa gaba da ciki. A koma ɗaya reshen a yi haka. A riƙa matsowa gaba a hankali. Kada a ɓamɓare shi zuwa waje, domin haka ke ɓalle ɓawo.

A ƙirga ƙusoshi, a tabbata babu wadda ta rage a kofato. A goge kaifin bakin kofato. A naɗe ƙafar da buhu ko tsumma mai kauri, a ja dokin a ƙasa zuwa gida. Kada a hau shi.

Idan ƙusa ta soki tafin ƙafa, musamman tsakiya ko wajen dunduniya, wannan ba aikin gida ba ne. A nemi likitan dabbobi a ranar, ko a asibitin dabbobi na Kundila ko na Gwale. Idan dole ta sa an zare ƙusar kafin ya zo, a ajiye ta, a riƙe wurin da ta shiga da zurfin da ta yi. A wanke da ruwan ɗumi da gishiri, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Doki yana cikin dabbobin da cutar tetanus ta fi saurin kamawa. Ita ce cutar da ke sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi. Ƙwayarta tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, kuma ƙaramin rami mai zurfi take so. Yawancin dawakin da ta kama ba sa tashi. Akwai allurar rigakafinta.

Haka kuma idan doki ya fara ɗingishi kwana ɗaya zuwa uku bayan buga takalmi, kofaton ya yi zafi, a kira maƙerin ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya a duba. Kada a jira.

Wani Lokaci Hutu Ne Magani

Idan ɓawo ya cika da ramuka, ya ɓaɓɓalle, babu dabarar da ta wuce a cire takalman duka. A gyara kofato, a zagaye bakinsa da magagari duk bayan mako 3 ko 4, a bar dokin a busasshiyar ƙasa mai taushi. Cikin wata 2 zuwa 3 tsofaffin ramukan za su gangaro a yanke su.

A wannan lokaci a kula da ci. Kofato daga abinci yake tsirowa. Harawar wake da ta gyaɗa, da ciyawa mai kyau, da hatsi daidai gwargwado, da gishiri, da ruwa mai tsabta a wadace. Dokin da ya rame ba ya fitar da kofato mai ƙarfi. Amma kada a ɗura masa hatsi da yawa farat ɗaya, domin hakan yana kawo kumburin naman cikin kofato, wanda ya fi fitar takalmi muni nesa ba kusa ba.

Dokin da aikinsa a gona ne ko a hanyar ƙasa, wanda ba ya hawa kwalta sai jefi-jefi, mai shi ya tambayi kansa ko yana bukatar takalmin ma. Wani na gaba kawai yake bukata. Wani ba ya bukata sam.

Shi mai akawalin nan, da aka je aka duba, abu uku aka samu. Kofaton gaba ya yi tsawo. Gindin turke ya zama taɓo. Ɗansa kuma yana fita da dokin da yamma yana zamiya a kan titi. Aka cire takalman, aka cike turke da jar ƙasa, aka ba dokin hutun wata uku. Da aka mayar, ƙusa shida aka buga, aka sa masa roba. Tun daga nan maƙeri ne ke cire takalmin da hannunsa idan lokaci ya yi.

Tambayoyi

Bayan jawabin an ba da damar tambaya.

Wani dattijo ya ce, "Malam, mu mun saba shafa baƙin man mota a kofato da hunturu. Yana da laifi?"

Malamin ya ce, "Baba, a bar shi. Baƙin mai yana da dattin inji, yana ƙona fatar da kofato ke tsirowa daga gare ta. Idan ana son shafa wani abu, ɗan man kaɗanya ya isa, sama-sama, ba kullum ba. Mai da yawa yana sa laushi, ƙusa ta saki."

Wani saurayi mai kula da barga ya ce, "Ranka ya daɗe, idan ɗaya ya fita ana gobe hawa, maƙeri bai samu ba, a hau shi haka?"

Malamin ya ce, "A'a, ɗana. Ƙafa ɗaya da ƙarfe, ɗaya babu, doki ya zama gurgu ke nan. Kofaton da ya saba da takalmi kuma ba zai jure wunin kwalta ba. Ka gaya wa maigidanka gaskiya. Gara a rasa hawa ɗaya da a rasa doki."

Wani mai ba da haya ya ce masu karɓar doki ba sa jin magana. Malamin ya ba shi shawara ya riƙa duba ƙafafu huɗu a gaban mai haya kafin fita da bayan dawowa, ya kuma haɗa dokin da yaron barga da zai bi shi.

Daga ƙarshe malamin ya roƙi kowa, idan ya koma gida, ya ɗaga ƙafafun dokinsa huɗu kafin magariba, ya shafa bakin ƙusoshi, ya shinshina tafin kofato, ya dubi gindin turke. Ya ce wanda ya mayar da wannan al'adarsa ta kullum, zai riga takalmi sanin ranar fitarsa. Aka yi addu'a, taro ya tashi.